Tsagar Kusurwar Dama

Shagon Mai Kaset yana hawa na biyu na benen 'yan lantarki, can ƙarshen baranda, bayan masu gyaran waya da mai sayar da rimot. Wanda bai san da shi ba, ba ya isa wurin sai in ya ɓata hanyar banɗaki. Faɗinsa bai wuce mutum ya buɗe hannuwa ya taɓa bango da bango ba. Akwai kanta ɗaya, da fitila mai lanƙwasa wuya, da kwalaye jere har rufi, cike da kaset ɗin wasan gem na zamanin da, irin wanda ake hura wa iska kafin a soka shi a na'ura.

Sana'ar kashi biyu ce. Da safe yana bin inda ake sauke kayan gwanjo, ya tsuguna a bakin dila yana tonon tsofaffin rediyo da dutsen guga da wayoyin caja, har hannunsa ya ci karo da kaset ko 'yar na'urar gem ta hannu. Da rana ya hau shago ya kwance abin da ya samo. Ya goge haƙoran kaset da auduga da sifirit, ya tuɓe wa na'ura tsohuwar rigarta ta roba, wadda 'yan sana'ar ke kira kesin, ya sa mata sabuwa. Sabbin kesin daga waje ake aiko masa da su, kowanne a ledarsa. Tsofaffin kuwa, waɗanda rana da gumi suka mayar rawaya, akwai kwalin da yake jefa su a ƙarƙashin kanta. In ya cika, ɗan gwangwan mai sayen tarkace ya hau ya kwashe.

Mai aski ƙeyar mutum yake fara kallo kafin fuskarsa. Shi ma Mai Kaset haka yake, ba ya iya ganin kesin da ya yi rawaya ya kau da kai.

Abu ɗaya ne a shagon ba na sayarwa ba. Wani kaset ne mai ruwan zinari, da kwalinsa da komai, wanda ya tsinta a cikin wata dilar takalma shekarun baya. Yana ajiye a gwangwanin biskit a saman kanta. Saboda shi ne masu gyaran waya ke leƙowa lokacin cin abinci, su ce a fito da shi su gani, su tsaya suna gardamar ko saura nawa irinsa a duniya. Saboda shi ne baƙi ke hawo matakala suna haki. Yawancinsu ba sa sayen komai, amma sun zo, an yi hira. Ban da wannan, Mai Kaset kan wuni bai ce wa kowa uffan ba sai farashi.

A gida yana da ɗaki biyu da falo, da wansa, wanda suke kira Yaya. Yaya direban babbar mota ne a da, mutum mai tsada wajen magana tun yana da lafiya. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya tafi da hannunsa na dama da ƙafar dama da sauran maganar da ta rage. Matarsa ta yi jinya iya ƙarfinta, daga baya danginta suka zo suka tafi da ita. Mai Kaset, wanda aurensa ɗaya tilo bai yi ƙarko ba, ya ɗauko shi ya ba shi ɗakin da ke da taga. Ƙanwarsu, Auta, takan zo da hantsi bayan ta kai yaranta makaranta, ta yi shara, ta ba shi abinci, ta tafi kafin la'asar.

Ita ce ta tono na'urar gem ɗin a akwatin Yaya. Ya saye ta ne a tafiyarsa ta farko da babbar mota, lokacin Mai Kaset yana ɗan makaranta, kuma bai taɓa barinsa ya riƙe ta ba. In za a faɗi gaskiya, wannan hanin ne ya jefa Mai Kaset cikin sana'ar. Kaset ɗaya ne a jikinta tun wancan lokacin: wani ɗan kwale-kwale da ke haye kogi da fasinja yana kauce wa duwatsu. In ya kai gaɓa lafiya, sai na'urar ta yi wani ɗan gajeren kiɗa.

Wannan kiɗan Mai Kaset yake ji ta bango da yamma, yana cin abinci a falo. Da shi yake sanin Yaya na nan kalau. Amma bai taɓa ganin ana wasan ba. Da ya taɓa ƙofa, sai Yaya ya tura na'urar ƙarƙashin bargo, ya zuba wa rufi ido. Mai Kaset ya ɗaga shi, ya canza zanin gado, ya ajiye masa shayi, ya fita. In batir ya mutu, da safe sai ya tarar da mushen a kan kujerar gefen gado, ya ajiye sabbi a wurin. Iyakar hirarsu ke nan.

Ranar da Auta ta kai Yaya asibiti wurin masu motsa jiki, aka bar na'urar a kan gado. Mai Kaset ya shiga ɗaukar kofi, ya gan ta a hasken taga, karo na farko cikin shekaru. Ta yi rawaya kamar haƙorin mai shan taba. Rubutun jikinta ya goge. A kusurwar dama ta ƙasa akwai tsaga, wani ɓangare ya ɓalle ya bar rami, bakin ramin ya yi baƙi ƙirin. Ya ji kunya, irin ta telan da aka ga ɗan'uwansa da yagaggiyar riga.

A makon aka kawo masa kesin irin nata sak, launin toka na asali. Ya sa ta a aljihu ya tafi shago. Bai taɓa yi wa baƙo aiki irin na ranar ba. Ya kwance sukurori ya jera su a murfin kwalba, ya busa ƙurar ciki, ya canza robar ƙarƙashin madannai, ya goge gilashin har ya ga fuskarsa. Tsohon kesin ya tafi inda 'yan'uwansa ke tafiya, ba tare da ya ma duba ba. Kafin ya rufe shago, Baba Sikeli ɗan gwangwan ya hau da buhunsa, ya juye kwalin ya sauka.

Da yamma ya shiga ɗakin da na'urar a hannu biyu.

"Yaya, duba. Kamar ranar da ka sayo ta."

Yaya ya karɓa da hagu. Ya juya ta, ya shafa kusurwar dama da babban yatsa, ya sake shafawa. Sannan ya ajiye ta a kan kujera, inda yake ajiye mataccen batir, ya mai da ido rufi.

Ranar ba a yi kiɗa ba. Washegari ma haka. Mai Kaset ya canza batir, ko da yake ya san sabbi ne. Ya kunna a falo, ɗan kwale-kwalen ya fito tar, komai na aiki. Ya mayar ya ajiye. Kwanon abincin yamma ya fara dawowa kamar yadda aka kai shi.

Auta ba ta taɓa hawa benen ba sai a wannan makon. Ta iso tana haki, ta dafa kanta, ta ƙi kujerar da ya turo mata.

"Ƙaramin Yaya, me ka yi wa abin bawan Allah nan?"

"Gyara na yi."

"Sannu da gyara. Garin neman gira ka tsokane ido. Ina tsohon?"

"Fasasshe ne fa, Auta. Wani gefen ma ya ɓalle."

"To fashewar ita ce abin!" Ta ɗaga hannunta na dama, ta ƙanƙance yatsun kamar na Yaya, ta ɗan fito da na tsakiya. "Wannan yatsan da ya ƙandare, shi yake saƙalawa a ramin, ya danne ta a cinya. Hagu ke danne-danne. Yanzu ka ba shi abu sumul kamar sabulu. Jiya ina shara ta suɓuce ta faɗi ƙarƙashin gado, sai da na sa tsintsiya. Kai ba ka taɓa gani ba?"

"Ba ya yi a gabana."

"A gabana ma ba ya yi. Ta madubin sif ɗin kaya nake hango shi in ina shara, shi a zatonsa na juya baya." Ta gyara mayafinta. "Gida ɗaya kuke kwana. Ni da nake zuwa in tafi na sani, kai mai sana'ar ba ka sani ba. Yau ko shayin bai sha ba. Ka nemo masa abinsa."

Bai tafi nema nan take ba. Ya ga kamar abin da hannu ya ɓata hannu zai gyara. Ya ɗauko na'urar daga gida, ya tuna inda ramin yake, ya sa zarto ya yanke kusurwar sabon kesin, ya bi bakin da takardar goge katako har ya daina kartar yatsa. Ya kai ya ajiye a kan kujera.

Da safe ya tarar da ita a ƙasa. Robar zamani ba ta da kaurin ta da. Da Yaya ya danna, tsagar ta zarce har gindin gilashi, bakinta ya yanke shi a yatsa. Akwai ɗigon jini a zanin gado. Yaya ya bari aka wanke masa yatsan aka ɗaure, fuskarsa na kallon bango. Amma dai ya gwada. Wannan ne ya hana Mai Kaset zuwa bakin dila ranar.

Filin Baba Sikeli yana bayan garejin manyan motoci, an kewaye shi da tsofaffin kwanon rufi. Ƙarfe tsibi guda, gwangwani tsibi guda, roba kuma an cusa a manyan buhuna an jingine. Tsohon yana zaune a kan mataccen firji yana ɓare wayar wuta da wuƙa.

"A'a, mutumin sama! Yau kai ne a fadata? Ko an fara sayar da kaset a bola?"

"Baba, kayan da ka kwasa a wurina makon jiya nake nema. Akwai guda ɗaya a ciki."

"Roba ai ba ta kwana a nan. Injin niƙa take tafiya, ta dawo bokiti."

Mai Kaset ya dubi buhunan.

"Amma taka ba ta zuwa can," in ji tsohon, bai ɗago ba. "Taka tana da mai ita. Duk ranar da na sauko daga wurinka, a bakin matakala yake tare ni. Yaron nan mai shagon gilashi. Ya zazzage buhun ya tsince masu rawaya, ya bar mini tarkace." Ya yi dariya har da tari. "An daɗe ana haka. Kai kana zubarwa a sama, shi yana tara hannu a ƙasa. Ni dai ɗan dako ne tsakaninku."

Shagon Mai Gilashi shi ne na farko in an shigo benen. Akwai na'urar sanyaya ɗaki, da fitilu a cikin kowane akwatin gilashi, da wani farin teburi inda yake ɗaukar hoton kaya ya sa a intanet. Mai Kaset yana wuce ƙofar kullum, bai taɓa shiga ba. Da ya shiga, sai ya ga shararsa jere a bayan gilashi, kowacce an sa mata sabon ciki, an jingina ta a kan ɗan mariƙi.

"Kawu! Yau wace rana?" Mai Gilashi ya taso, matashi ne mai gyararren gemu da turare. "A kawo maka ruwa? Ka zo ganin 'ya'yanka ne? Ga su nan, duk sun yi ƙiba."

"Wa ke sayen wannan?"

"Masu abin hannu, Kawu. Su ba sa son sabo, sabo ai kowa na da shi. So suke su ga inda hannu ya ci, inda aka yar, inda yaro ya ciza. Kai kana wanke musu tarihi da sifirit."

Idon Mai Kaset yana kan gilashi. Ya riga ya hango kesin Yaya, a layi na biyu, kusurwar dama a ɓalle, bakin ramin baƙi ƙirin. Ba a taɓa ramin ba.

"Wancan nake so."

"Kash. Ka makara. Jiya wani ya gani ya ce a ajiye masa, gobe zan naɗe in tura. Wannan ramin shi ya ja shi. Ka zaɓi wani, kyauta ma, ai kai uba ne."

"Wancan nake so. Kesin kawai, ka riƙe cikinka. Faɗi abin da zan ba ka."

Mai Gilashi ya dube shi, ya dubi kesin. Ɗan kasuwa ne, ya san fuskar wanda ba zai iya fita ba tare da abu ba.

"Maganar kuɗi ba ta taso ba tsakanina da kai. In na fasa wa mutumin can, sunana ne zai ɓaci, kuma suna shi ne jarina." Ya shafa gemu. "Sai dai in abin nan na gwangwanin biskit. Ka san na daɗe ina yi masa sallama."

Ya faɗa ne da dariya, irin ta wanda ya san za a ce a'a.

Mai Kaset ya fita. Ya hau matakala, ya wuce masu gyaran waya, ya buɗe shago, ya sauko da gwangwanin. Ya ɗan zauna da shi a cinya. Ya san abin da zai bayar ya ninka abin da zai karɓa har ba a magana, kuma ya san ba wannan ne ke damunsa ba. Ya dubi barandar, inda masu gyaran waya suke tsayawa lokacin cin abinci. Sannan ya tashi.

Da ya ajiye gwangwanin a kan farin teburin, dariyar Mai Gilashi ta ɗauke.

"Kawu, da gaske? Wasa fa nake."

"Ni ba wasa nake ba."

"Me ke cikin fasasshen nan?"

"Na yayana ne."

Matashin ya buɗe gwangwanin, ya duba kaset ɗin gaba da baya a hasken fitila, ya rufe, ya sa a durowa ya murɗa makulli. Da kansa ya kwance sukurorin, ya miƙa kesin a leda.

"Allah ya ba shi lafiya," ya ce.

"Amin."

A shago Mai Kaset ya shimfiɗa ɓari biyun a ƙarƙashin fitila. Yanzu da ya san abin da yake dubawa, sai ya gani. Bakin ramin ya yi santsi kamar dutsen rafi, ya ɗan lotsa ta gefe ɗaya daidai faɗin yatsa. Wannan ba aikin zarto ba ne, kuma ba na mako ɗaya ba. A gefen madannin hagu ma roba ta cinye ta yi ɗan kwari.

Bai san lokacin da hannunsa ya ɗauko auduga ya jiƙa da sifirit ba. Saura kaɗan ta taɓa baƙin da ke bakin ramin ya farga. Ya ajiye audugar can nesa, ya rufe kwalbar ya sa a durowa. Ya tono tsohuwar robar madannai daga kwandon shara, inda ta kwana biyu a ƙarƙashin ledoji, ya mayar da ita ita ma. Ya ciro cikin na'urar Yaya, wadda ya taho da ita daga gida, ya mayar a tsohon kesin, ya ɗaure sukurori, ya soka kaset, ya kunna. Ɗan kwale-kwalen ya fito a bakin kogi.

Ya koma gida da sauran rana. Auta ta tafi, ta bar kwanon abinci a rufe, ba a taɓa ba. Ya shiga ɗakin.

"Yaya, ga abinka."

Ya ɗora ta a kan bargo, kusa da hannun hagu. Yaya ya dube ta. Babban yatsansa ya tafi kai tsaye kusurwar dama, ya shiga ramin, ya tsaya a can. Sannan ya ɗago ido ya dubi ƙanensa. Ya daɗe bai dube shi haka ba. Mai Kaset ya tsaya, yana jiran abin da zai biyo baya. Idon bai sauka ba, hannun bai motsa ba. Can ya gane jira ake ya fita.

A bakin ƙofa ya lura da madubin sif. Daga inda yake tsaye, in ya bar ƙofar a ɗan buɗe, gadon duka yana ciki. Ya riƙe mariƙin ƙofar na ɗan lokaci, sannan ya ja ta har ta rufe.

Ya zuba abinci ya zauna a falo. A waje ana rufe shaguna, wani na ta danna hon. Ya ci loma biyu ya ajiye cokali. Abincin ya huce. Da farko ƙarar kunnawa ya ji, sai shiru, sai ƙarar kwale-kwale ya daki dutse. Ya sake dukan dutse. Yatsan da aka ɗaure ne, ko kwanakin da aka yi ba a taɓa ba. Mai Kaset ya zauna bai motsa ba har ɗan gajeren kiɗan nan ya ratso bango. Sannan ya ɗauki cokalin.

Da safe kwanon Yaya ya fito babu komai a ciki.

Lokacin cin abinci, biyu daga cikin masu gyaran waya suka leƙo shago da wani baƙo a bayansu.

"Maigida, fito mana da zinarin nan, ga wani bai yarda akwai shi ba."

"Yana ƙasa, wurin Mai Gilashi."

"Ka sayar?"

"Yana ƙasa."

Suka dubi juna, suka dubi gurbin gwangwanin a saman kanta. Ɗayan ya ce to Allah ya sa albarka, suka juya da baƙon. Ya ji takunsu har ƙarshen matakala. Ya jawo fitila, ya ɗauko kaset na gaba daga kwali, ya fara goge masa haƙora.